Shekarar da Na Yi Tafinta Tsakanin Baba da Dokta Hamdi

Wannan babin shi ne na fi daɗewa ina kewaye shi. Na rubuta muku ƙuruciyata da aikina da aurena da mahaifiyarku, duk ba su ba ni wahala ba, amma da na iso nan sai na ajiye alƙalami har wata biyu. Kun tashi kuna jin cewa wani Balarabe ya zo daga Misira, ya zauna a zaurenmu na Argungu, ya ci tuwonmu, ya kwashe sanin kakanku ya tafi da shi, ko sunansa bai ambata ba. Baffanku Nomau ya faɗa muku, kun kuma ji a bakin 'ya'yansa. Ni kuwa ina zaune ake faɗa, ban taɓa cewa uffan ba. To, ba haka abin ya faru ba, kuma ina so ku ji shi daga bakina tun ina da sauran numfashi.

Kakanku Arzika masunci ne kamar ubansa. Yana da jirgi da homa, yana da gonar shinkafa a fadama, amma abin da aka san shi da shi daga Argungu har Augie shi ne sanin itatuwa. Ba ya duba, ba ya buga ƙasa, ba ya kiran iska. Sassaƙe ne kawai da saiwa da ganye, da sanin wanda ake jiƙawa da wanda ake dafawa, da wanda ba a ba mai ciki ko da za ta yi kuka. In ya dawo daga ruwa da hantsi zai tarar da mutane a zaure, wannan tsargiya ta hana shi sakat, wancan shawara ta rina masa ido. Daga cikin gida kuma kana jin taɓaryar Inna tana yi masa daka, tana mitar cewa turminta na fura ya koma ɗaci. Sau da yawa na ga ya duba mutum ya ce masa wannan ba nasa ba ne, ya tafi asibiti tun da sauran rana. Yaya Nomau shi ne mai bin sa daji da gatari. Ni aka kai boko, kuma a can na samo sunan da ya bi ni har girma, wato ɗan boka. Warin sassaƙen da ke jikin rigata ne ya jawo min. Ban taɓa gaya wa Baba ba.

Da na gama makaranta na samu horon dispensa, aka ajiye ni a asibitin Birnin Kebbi. Lokacin muna ƙarƙashin Sakkwato, ko kwalabe za a ƙara mana sai takarda ta je can ta dawo. Ina tsaye bayan taga da farar riga, ina zuba ruwan magani, ina naɗe ƙwayoyi a takarda, ina jin na yi wa zauren Baba nisa. Na auri mahaifiyarku Kulu muka kama ɗaki biyu a cikin gari, ke A'i kina goye. In na je Argungu da zazzaɓi Baba ya miƙo min jiƙo, sai in ce na sha na asibiti. Shi kuma ya ce to, ya ajiye ƙwaryar.

A shekarar da nake ba ku labari, gwamnati ta ƙulla yarjejeniya da wata makarantar haɗa magunguna ta ƙasar Misira. Su za su aiko malamai su ƙara wa irinmu sani a nan gida tsawon shekara guda, daga ƙarshe a zaɓi mutum biyu su tafi can su yi cikakken karatu, su dawo su koyar da na baya. Wanda aka turo mana shi ne Dokta Hamdi, gajere mai furfura a gefen kai, kullum yana share zufa da hankici. Hausarsa ba ta wuce sannu da na gode ba. Da Turanci yake koyarwa, in abu ya ba shi mamaki sai Larabci ya kuɓuce masa. A wani ɗaki bayan sito muke zama in an tashi aiki. Fanninsa tsirran magani ne, kuma tun ranar farko ya ce bai ga dalilin da zai koya mana ganyen ƙasashen da ba mu taɓa gani ba alhali ga daji a bayan asibiti. Ya ce kowa ya kawo abin da ake sha a gidansu. Kowa ya kawo ban da ni. Amma da wani abokin aikina ya ɗaga sassaƙe ya ce marke ne, sai bakina ya riga ni, na ce giyayya ce, kuma an sare ta ba a lokacinta ba. Da aka tashi Dokta ya tsare ni a bakin ƙofa.

"Wa ya koya maka?"

"Wani tsoho ne a garinmu."

"Yana da rai?"

"Yana nan."

"To ka kai ni wurinsa."

Ranar Asabar muka tafi a motar asibiti. Ba yadda za a yi ka kai baƙo gidanku ka ɓoye ubanka. Muna zama Inna ta aiko a ce ɗanta Manu, wato ni, ya shigo ya sha ruwa, Dokta ya dube ni, ya dubi Baba, ya gane. Na zaci zai yi dariya. Sai ya matsa ya kama hannun Baba da hannu biyu, ya ce in gaya masa shi ma kakansa mai sayar da saiwoyi ne a wata tsohuwar kasuwa, kuma a shagon nan ya fara sanin warin magani. Ya ce tsargiyar da ke damun masuntanmu ita ke damun manoman bakin koginsu. Baba ya saurara har na gama juyawa, ya kaɗa kai.

"Ashe ciwon ga har can ya kai. Hwaɗa mai shi zamna, gidanai na."

Rani guda muka yi muna zuwa. Baba yana tuƙa jirgi, Dokta a tsakiya ya rungume littafinsa kada ya jiƙe, ni ina tsakaninsu ina juya magana. Muka bi fadama har wajen Augie inda ake ban ruwan albasa. Baba ya nuna masa yadda ake sassaƙar itace a bar shi da rai, da yadda 'ya'yan aduwa ke kashe katantanwar tafki, da gwargwadon da in an wuce shi magani ya zama guba. Dokta yana matse ganye tsakanin takardu, yana tambayar abu ɗaya sau uku, Baba bai taɓa ƙosawa ba. In azahar ta yi mu hau tudu, Baba ya ja baya ya ce Balarabe ya shiga gaba, Dokta ya ƙi, ya ce babba ne liman. Ban taɓa ganin Baba yana yawan magana kamar a ranin nan ba. Ni kaina a wajen tafintar nan na koyi abin da na yi shekaru ina gudu.

Yaya Nomau ne kaɗai abin bai kwanta masa ba. Wata rana muna cin abinci bayan Dokta ya fita wanke hannu, ya kasa haɗiye maganar da ke cin sa.

"Baba, abin ga da kakanninmu sunka bar muna, shi za ka zube ma baƙo cikin takarda? Gobe shi tahi garinsu, mi za mu gani?"

"Kai ɗai ka biyo ni daji, Nomau. Ɗiyanka duk boko za su. In ni da kai munka kwanta, wa za a tambaya? Bari shi rubuta."

Abin da Dokta ya nufa shi ne ƙaramin littafin koyarwa, kowane itace da sunansa na Hausa da na Larabci da zanensa da gargaɗinsa, a karanta shi a ajinmu, a kuma karanta shi a nasu ajin a Misira. Ya ce sunan Baba zai hau shafin farko kusa da nasa, domin shi ne malamin, sunana kuma ya biyo a matsayin mataimaki. Da na juya wa Baba maganar, sai ya dubi ruwa.

"Sunana? Har Misira?"

"Har can, Baba."

"To a rubuta shi daidai. Arzika ɗan Mamman, masunci, Argungu. Kak a ce malam, ni ba malami ba na."

Da muka dawo gida na ji shi ta bayan zana yana gaya wa Inna, yana 'yar dariya ƙasa-ƙasa, ita kuma tana ce masa ya tsufa bai daina son a san shi ba.

Kafin damina ta faɗi Dokta ya nace sai Baba ya zo Birnin Kebbi ya tsaya gaban aji da kansa. Baba ya zo a motar kasuwa, sanye da rigarsa ta Idi, da jakar fata cike da sassaƙe. Aka ba shi kujera ya ƙi, ya shimfiɗa tabarma a gaban allo ya jera kayansa. Ina gaya muku gaskiya, ajin ya yi tsit. Waɗanda na ji tsoron za su yi dariya su ne suka matso suna shinshinawa suna rubutu. Ana cikin haka wani babban jami'i daga Sakkwato ya iso rangadi, wanda kowa ya san da hannunsa a zaɓen masu tafiya Misira. Ya tsaya a bakin ƙofa ya yi kallo na ɗan lokaci, ya juya. Da aka tashi ina wucewa ta baranda na ji yana magana da babban likitanmu da Turanci.

"Mun ɗauko malami daga Misira don ya raba su da wannan, shi kuma ya kawo mana boka cikin aji. Wa ya kawo tsohon?"

"Wani masunci ne daga Argungu. Dokta ne ya gayyato shi."

"Ka sa ido. Masu irin wannan kan, in ka ba su mabuɗin sito, gobe ka tarar da saiwa a cikin kwalaben gwamnati."

Babban likita ya san ko ɗan wane ne ni, rufa min asiri ya yi. Baba yana can gindin darbejiya yana ɗaure jakarsa yana jirana, ni kuwa na laɓe a sito har motar jami'in ta fita. Da na fito na ce masa aiki ne ya tsare ni. Ya ce ba komai, ya tambaye ni ko ya yi magana daidai, ko bai ba ni kunya gaban abokaina ba. Na ce ya yi daidai.

Littafin zai tafi Sakkwato tare da takardunmu na neman gurbi. A shafin farko za a ga Arzika na Argungu a sama, Usman Arzika Argungu a ƙasa, ko makaho aka karanta wa zai haɗa su. Kwana uku ina juya abin. Na gaya wa kaina don ke A'i nake yi, da ƙannenki da ba a haifa ba, don in samu karatun da zan riƙe gida da shi. Akwai wannan a ciki. Amma yanzu da na tsufa ba zan yi muku ƙarya ba, kunya ta fi yawa. Ba na son sunan makarantar firamare ya bi ni har ƙetare. Ranar huɗu da safe na sami Dokta a ofishinsa yana gyara shafukan da mai buga tafireta ya kawo.

"Dokta, Baba ya sake shawara. Ya ce sanin na gida ne, kada a buga sunansa."

Ya cire tabarau ya daɗe yana dubana.

"Amma na ga murnarsa da idona."

"Yayana ne ya matsa masa. Dangi ba su yarda ba."

"To zan je in roƙe shi da kaina."

"In ka tayar da maganar za ka kunyata shi gaban iyalinsa. A wurinmu ba a yin haka."

Ya mayar da tabaransa.

"Kai ka san mutanenka, Usman. Amma abin ya yi min ciwo."

A gabana ya ja layi a kan sunan. A ƙasa ya rubuta cewa duk abin da ke cikin littafin ya koye shi ne daga wani dattijo masunci na kwarin Rima, wanda ya nemi a sakaya sunansa. Kun ga a magana ɗaya na cuci mutum uku, har da Yaya Nomau da na jingina wa abin da bai yi ba.

Aka zaɓe ni. Daga baya na ji cewa ko buɗe littafin ba a yi ba a wajen zaɓen, sakamakon jarrabawa kawai aka duba, jami'in nan ma an riga an mayar da shi wani wuri. Ranar sallama muka je Argungu ni da Dokta. Ya riƙe hannun Baba ya yi doguwar magana, ya ce ya bi abin da Baba ya so ko da yake ransa bai so ba, kuma duk ranar da ya canja ra'ayi ya aiko kawai. Baba ya juyo yana jiran in juya masa. Na ce, ya ce ya gode, Allah Ya saka da alheri. Baba ya ce amin, ya ba shi busasshen kifi a naɗe cikin tabarma. Ni kuma ya dafa kaina ya ce in riƙe Balaraben nan kamar uba. Na bar Kulu da ke A'i a gidan, a ɗakin da ke kusa da na Inna.

A Misira Dokta Hamdi ya riƙe ni kamar ɗansa. Duk Juma'a a gidansa nake cin abinci, matarsa ta koyi dafa shinkafa yadda nake so, shi ya raka ni sayen rigar sanyi. Aka buga littafin, na gan shi a kan teburin ɗalibai. Ba wanda ya yi dariya. Sai ma su tare ni suna tambaya ko na san dattijon, ko yana da ɗalibai, ko za a iya kawo shi ya yi musu lacca. Ina cewa na san shi, mutumin garinmu ne. Dokta yana ji, ba ya cewa komai, a zatonsa amanar Baba muke riƙewa ni da shi.

A shekarata ta biyu wasiƙar Yaya Nomau ta zo, wani malamin firamare ne ya rubuta masa. Dokta ya aika wa Baba kwafi ɗaya na littafin ta gidan waya, an karanta musu. Wasiƙar duk zafi ce. Ya ce Balarabe ya ci amana, ya kuma ƙara da ƙaryar cewa Baba ne ya ce a ɓoye sunansa, in ina da zuciya in daina taka gidansa. Na amsa masa da cewa ya yi haƙuri, karatuna yana hannun mutumin. Ban ƙara ko kalma ba. Bayan wata shida wata wasiƙar ta biyo, gajera. Baba ya yi jinyar ƙirji bayan girbi, ya rasu ranar Laraba. Kafin takardar ta iso hannuna har an yi sadakar bakwai an watse.

Dokta ne ya fara zuwa ɗakina. Ya zauna a bakin gado yana kuka irin na manya, wanda ba sauti. Ya sa aka yi wa Baba addu'a a masallacin unguwarsu. Bayan kwana biyu ya kira ni ofis.

"Usman, yanzu da ya koma ga Allah, ko iyalinka za su yarda a sa sunansa in za a sake bugawa? Ba na son in mutu da hakkinsa a wuyana."

Allah Ya buɗe min ƙofa a ranar, na gan ta sarai. Da na ce masa i kawai, da an gama. Amma na ji tsoron zai rubuta wa Yaya Nomau wasiƙar godiya, magana ta fito. Na ce zan tambaye su in na koma gida. Ban tambayi kowa ba. Bayan na dawo da 'yan shekaru yarjejeniyar ta mutu, malamai suka daina zuwa, ba a sake buga littafin ba. Mun yi ta musayar wasiƙa da Dokta, kowace Sallah sai ya tambayi iyalin malaminsa na Argungu, har shekarar da 'yarsa ta rubuto cewa ya rasu.

Na koyar da masu haɗa magani har na yi ritaya, kuma da littafin nan nake buɗe kowace shekara. Kun san kwafin, shi ne mai koren bango da na hana ku taɓawa. Kowace shekara sai an sami ɗalibin da zai ɗaga hannu ya tambayi ko wane ne dattijon. Ina cewa wani masunci ne, in juya shafi. Ana yabona da cewa na haɗa sanin gida da na asibiti, har takardar yabo aka ba ni, ita ce a bangon falo. Duk tsawon shekarun nan abu ɗaya nake lallashin kaina da shi, cewa Baba ya tafi bai san ni ne ba.

Mahaifiyarku ce ta raba ni da wannan. A jinyarta ta ƙarshe, a gidanmu na Gwadangaji, wata la'asar kun fita ke A'i da ƙanenki Bello sayo mata kankana, ta ce in matso. Ta ce tana tsakar gida ranar da malamin firamare ya karanta littafin yana fassarawa. Yaya Nomau ya tashi yana faɗa har maƙwabta suka leƙo. Baba kuwa ya sa aka maimaita masa layin da aka ce shi ya nemi a sakaya sunansa, sannan ya karɓi littafin ya shiga ɗaki. Bayan 'yan kwanaki ta kai masa kunu, ya ce ta zauna. Kulu ta kwaikwayi muryarsa yadda ya faɗa, ina jin ta har yanzu.

"Kulu, Balaraben ga bai yi ƙarya ba. Ba shi jin tawa, ba ni jin tashi. Duk abin da yash shiga tsakaninmu, ta baki guda yab bi."

Ta ce ta sunkuyar da kai. Sai ya ci gaba.

"Kak ki hwaɗa ma Nomau. Su biyu gare ni, ba ni son in bar su da gaba. Shi ma Manu kak ki hwaɗa mai na sani, bari shi yi karatunai hankali kwance. Da na san shina jin kunyata, da ban tahi ajin nan ba."

Ta ce bai faɗe shi da fushi ba. Ya sha kununsa ya miƙa mata ƙwaryar, bai sake tayar da zancen ba har ya kwanta ciwo. Na tambaye ta me ya sa sai yanzu. Ta ce ta yi masa alkawari ta kuma riƙe iyakar ƙarfinta, amma ta gaji da ɗaukar abin ita kaɗai, ba ta son ta tafi da shi. Shekara talatin da wani abu tana zuba min abinci, tana wanke farar rigata, tana kallon takardar yabon nan a bango, ta san komai. Bayan kwana tara ta rasu.

Kuna iya zaton daga nan na tafi wurin Yaya Nomau. Na tafi har sau biyu da niyyar faɗa masa. Duka biyun muka yi hirar ambaliya da tsadar taki, ya raka ni bakin mota yana ce min in riƙa zuwa, mu biyu kaɗai muka rage. Na kasa. Damina ta zagayo ya bi su Baba.

Sai bara, bayan an gama girbin shinkafa, na sa Bello ya kai ni Argungu. Na ce ya jira ni a mota, shi ya sa bai san abin da ya kai ni ba. Na tara 'ya'yan Yaya Nomau su huɗu a zauren nan, na faɗa musu duk abin da na rubuta muku a nan, ban rage komai ba. Ba wanda ya katse ni. Da na gama ƙananan suka dubi Garba, babbansu, wanda ya gaji jirgin. Ya daɗe yana murza bakin tabarma da yatsa kafin ya yi magana.

"Baffa, babanmu har yab bar duniya, in anka ambaci mutumen ga sai ya ce Allah ya isa. Mu ma mun taya shi, tun muna ƙanana. Yanzu wa za mu roƙa gahwara?"

Na ce masa Dokta ya daɗe da rasuwa. Ya tambaya ko yana da iyali, na ce akwai 'ya, amma wasiƙata ta ƙarshe ta dawo, sun tashi daga gidan. Ya kaɗa kai, ya miƙe ya shiga cikin gida. Can matarsa ta aiko min da tuwon shinkafa da miyar kifi kamar yadda aka saba, na ci loma biyu don kada a mayar da kwano yadda ya zo. Ƙannensa suka raka ni bakin hanya. Na ce wa Bello ya ɗan dakata kafin ya tayar da mota, muka jira har aka kira la'asar, Garba bai fito ba.